Biskit, sukari da ganyen shayi: daga ina kayan suke fitowa, ina kuma suke zuwa?

Malam Sabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina shirya darasi ne a kan cinikin ƙarni na goma sha tara, sai bincike ya kai ni ga tallar wani kanti a wata tsohuwar jaridar Kalkata ta shekarun 1880, kuma tun daga ranar abin bai bar raina ba. Mai kantin ya jera abin da jirgi ya sauke masa daga Landan: biskit a gwangwani, alawa iri-iri a kwalba, cakulan, madarar gwangwani, farin sukari da aka yayyanka ƙanana, da kwalaben wani romon ɗanɗano wanda har tsamiya ake sawa a cikinsa. Ganyen shayi kaɗai ne ya ce na Assam da Darjeeling ne, wato na cikin Indiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rake da tsamiya duk Indiya tana da su a wadace, amma ga su sun ƙetare teku sun dawo cikin kwalba da takarda ɗauke da sunan Bature, an kuma sa musu kuɗin da ba kowa ne zai iya biya ba.

Ina roƙon wanda ya san wannan fanni ya warware mini. Idan littattafan tarihi suka ce kayan ƙasashen mallaka, kayan da ake kwasowa daga can suke nufi, ko waɗanda ake kai wa can? Sannan ta yaya biskit, abin da kwana biyu a buɗe ke mayar da shi tsumma, yake shafe watanni a cikin jirgin ruwa ya isa ƙasar zafi da ƙamshinsa? Ina kuma son sanin yadda mutanen wancan zamani suke haɗa shayin, domin ina zaton ɗalibaina za su fi fahimtar cinikin idan na fara musu daga kofi, ba daga lissafin kwastan ba.

Hajiya Rabi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sabo. A bakin Turawa kalmar tana nufin abin da ba ya fitowa a ƙasarsu sai an shigo da shi: gahawa, shayi, koko, sukari, shinkafa, taba da kayan yaji. Jamusawa suna kiran su Kolonialwaren, kuma kamfanin kantunan Edeka da ke Jamus a yau ya samo sunansa ne daga haruffan farko na wata ƙungiyar masu sayar da irin waɗannan kaya da aka kafa a Berlin a 1898. A Ingila ma Julius Drewe ya buɗe kantin da ya zama Home and Colonial Stores a 1883, inda ganyen shayi ya fi komai tafiya. Amma tallar da ka gani ta nuna maka ɗaya fuskar cinikin, wadda ni a ganina ta fi ban sha'awa, wato komawar kayan bayan an sarrafa su. Ɗanyen kaya ne ke shiga Landan da Liverpool da Bristol a buhu da ganga, babu sunan kowa a jikinsa; idan zai fita kuwa, a gwangwani yake fita, da suna da hatimi, kuma a tsakanin buhun nan da gwangwanin nan ribar take kwance.

Maganar biskit sai an koma ga ma'aikatan jirgin ruwa. Biskit ɗin farko ba abin marmari ba ne, guzuri ne na dole: fulawa da ruwa, a gasa har ya zama kamar katako, a zuba a buhu ko ganga. Ba ya ruɓewa, amma ƙwari suna shigar sa, shi ya sa matuƙa suke buga shi a kan tebur kafin su kai baki, ko su jiƙa shi a romo. A farkon shekarun 1830 Thomas Grant ya kafa injuna masu aiki da tururi a ma'ajiyar abincin sojan ruwa da ke Gosport, suna kwaɓawa suna murzawa suna yankawa, kuma wannan dabara ce masu biskit mai zaƙi suka gada daga baya.

Wanda ya fi cancanta ka ba ɗalibanka labarinsa shi ne kamfanin Huntley & Palmers. Joseph Huntley ya buɗe ɗan gidan burodi a garin Reading a 1822, a kan hanyar da keken doki ke bi daga Landan zuwa Bath, daura da masaukin da matafiya ke yada zango. Matafiyan suna sayen biskit, amma kafin su kai inda za su, girgizar hanya ta mayar da shi gari. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa maƙerin farin ƙarfe ne a kan titin, sai ya fara ƙera wa gidan akwatunan kwano. Daga wannan 'yar dabara komai ya tashi. George Palmer ya shigo haɗin gwiwa a 1841, suka koma babbar masana'anta a 1846, ga mashigin ruwa a gefe, ga layin dogo da ya iso garin a 1840. Zuwa 1900 ma'aikatansu sun haura 5,000, kuma babu kamfanin biskit da ya kai su girma a duniya.

Gwangwanin da ake kai wa ƙasashen zafi ba irin na kasuwar gida ba ne. Ana shimfiɗa takarda a ciki, a jera biskit ɗin a matse don kada ya yi motsi, sannan a liƙe murfin ciki da dalma ta yadda iska ko laima ba za su sami ƙofa ba. Mai saye sai ya sa wuƙa ya yanka kafin ya kai ga kayan. Tunda an gasa biskit ɗin har ruwan jikinsa ya ƙafe, babu abin da fumfuna za ta kama. Na taɓa riƙe irin wannan gwangwani a wani gidan adana kayan tarihi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki nauyinsa ne ko da babu komai a ciki, sai kuma layin dalmar da ke gefen bakin, wanda har yanzu ake ganin inda wuƙa ta bi ta karkace. Daga ƙarshen shekarun 1870 aka iya buga zane mai launi kai tsaye a jikin ƙarfen, sai gwangwanin ya zama talla mai tafiya da ƙafarta, domin ba wanda ke jefar da shi bayan biskit ya ƙare.

Ba su kaɗai ba ne a fagen. Carr na garin Carlisle ya fara a 1831, Peek Frean kuma a unguwar Bermondsey ta Landan a 1857, kuma James Peek, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, asalinsa ɗan kasuwar ganyen shayi ne, abin da zai nuna maka yadda sana'o'in biyu suke manne da juna. Peek Frean ɗin ne suka fito da biskit ɗin Marie a 1874 don bikin auren Maria, 'yar Sarkin Rasha, da ɗan Sarauniya Victoria. Romon da ka ce ana sa masa tsamiya kuwa, ina kyautata zaton na Lea & Perrins ne, wanda aka fara sayarwa a garin Worcester a ƙarshen shekarun 1830. Masu sayen waɗannan kaya a Kalkata yawancinsu jami'an gwamnati ne da hafsoshi da matansu, waɗanda ke neman ɗanɗanon gida, sai kuma attajiran ƙasar da ke ajiye su don baƙi.

Ɗanjuma ya amsa:

Hajiya, Allah ya ƙara sani. Ban musa miki maganar gwangwani ba, amma ina tsoron kada Malam Sabo ya shiga aji da labarin maƙeri mai basira kawai, ɗalibai su fita suna zaton dabara ce ta yi komai. Gwangwani ba ya cika kansa. Abin da ya mayar da biskit da alawa abincin kowa shi ne faɗuwar farashin sukari, kuma wannan faɗuwa tana da waɗanda suka biya ta da jikinsu.

A farkon ƙarnin, sukarin Birtaniya daga gandayen rake na Jamaika da Barbados da sauran tsibiran Karibiyan yake zuwa, kuma bayi ne ke noma shi. An hana fataucin bayi a 1807, dokar 'yanta su kuma ta fara aiki a watan Agusta na 1834, inda gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya. Masu bayin aka biya, bayin ba su ga ko kwabo ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki a gandayen da sunan koyon sana'a har 1838. Da masu gandu suka rasa hannu, sai suka juya ga Indiya suna ɗebo 'yan ƙwadago a kan yarjejeniyar shekara biyar: zuwa Mauritius tun 1834, Guyana a 1838, Trinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Fiji a 1879. Saboda haka, Malam Sabo, abin da ka lura da shi ya ma fi yadda ka zata zurfi, domin ba raken Indiya kaɗai ke ƙetare teku ba, har da mutanenta.

Sai maganar haraji. Dokar 1846 ta fara daidaita kuɗin fiton sukarin ƙasashen mallaka da na waje, abin da ya buɗe ƙofa ga sukarin Kuba da Brazil, inda bauta ba ta ƙare ba sai 1886 da 1888. Wato ƙasar da ta 'yanta bayinta ta koma tana shan zaƙin bayin wasu saboda ya fi araha. A 1846 ɗin ne kuma aka soke dokokin da ke tsare alkamar waje, fulawa ta kama hanyar sauƙi. A 1874 aka cire harajin sukari baki ɗaya. Mutumin Birtaniya da ke shan kimanin laba 18 a shekara a farkon ƙarnin ya kai kusan laba 90 a ƙarshensa, kuma a wannan tsakani ne masana'antun alawa da cakulan suka bunƙasa: Fry na Bristol ya fito da cakulan na ci a 1847, Cadbury kuma, wanda ya fara da kantin shayi da gahawa da koko a Birmingham a 1824, ya koma Bournville a 1879.

Akwai gyara ɗaya da nake so in yi a kan kalmar kayan ƙasashen mallaka. A shekaru ashirin na ƙarshen ƙarnin, yawancin sukarin da ake sha a Birtaniya ba na rake ba ne, na wata saiwa ce da ake kira bit, wadda ake nomawa a Jamus da Ostiriya da Faransa, gwamnatocinsu kuma suna ba masu fitar da shi tallafi. Wannan ya karya manoman rake na Karibiyan ƙwarai, har sai da aka yi yarjejeniyar Brussels a 1902 aka soke tallafin. Alkamar ma mafi yawanta daga Amurka da Rasha take. Don haka biskit ɗin da aka sauke a Kalkata a 1895 yana iya kasancewa fulawar Amurka ce da sukarin Jamus, an gasa a Ingila.

Sukarin da ka gani an yayyanka shi ma sabon abu ne a lokacin tallar. Kafin nan mai kanti yana sayen sukari ne a dunƙule, dogo mai tsini kamar hular mayaƙa, a naɗe da takarda shuɗiya, mai tauri sai an sa guduma an fasa, uwargida kuma tana da wani abu mai kama da hantsaki da take gutsura da shi. Henry Tate ya sayi izinin dabarar wani Bajamushe mai suna Eugen Langen a 1875, ya buɗe matatarsa a Silvertown a bakin kogin Thames a 1878, daga nan sukari mai kusurwa huɗu ya bazu.

Ga wani abin da zai sa ɗalibai su gane dalilin da ya sa mutane suka yarda su biya kuɗin suna da hatimi. Lokacin da sukari ke da tsada, masu alawa suna yi masa algus da wani farin gari mara ɗanɗano irin wanda ake shafe bango da shi. A garin Bradford a 1858, wani mai alawa ya aika a sayo masa wannan gari a kantin magani, yaron kantin ya yi kuskure ya ɗebo masa gubar arsenik, aka kwaɓa alawar minti da ita aka sayar a kasuwa. Kimanin mutum ashirin suka mutu, fiye da 200 suka kwanta. Kafin nan ma likita Arthur Hassall ya shafe farkon shekarun 1850 yana duba kayan kantunan Landan da madubin ƙara girma, mujallar Lancet tana buga sakamakon tare da sunayen kantunan, kuma ya sami launukan alawar yara da aka haɗa da dalma da sauran ma'adinai masu guba. Dokar hana algus ta 1860 ba ta da haƙora, sai ta 1875 ce ta fara cizo. A irin wannan kasuwa, kulli mai hatimi ya fi abin da mai kanti ya ɗebo da hannu daga buhu kwanciyar rai, kuma iyalan da aka sani da riƙon amana, kamar Huntley da Palmer da Carr da Fry da Cadbury, waɗanda dukkansu 'yan ɗariƙar Kirista ta Kweka ne, sun ci ribar wannan tsoro.

Malama Binta ta amsa:

Tunda Hajiya da Malam Ɗanjuma sun bar mini kofin, bari in ɗauka. Malam Sabo, idan ka ga tallar ta ce Assam da Darjeeling, ka san cewa shekara hamsin kafin nan wannan magana ba za ta yiwu ba, domin ganyen da mutumin Birtaniya ke sha daga Sin yake zuwa, ta tashar Canton, a hannun kamfanin cinikin Ingila da ake kira Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ya riƙe cinikin shi kaɗai har 1834. Sinawa ba su da buƙatar kayan Ingila, azurfa suke so, sai kamfanin ya toshe giɓin da ofiyom, wani kayan sa maye da ake nomawa a Bengal. Da jami'in Sarkin Sin, Lin Zexu, ya lalata akwatuna kusan 20,000 na ofiyom a 1839, yaƙi ya ɓarke, ya ƙare da yarjejeniyar Nanking a 1842 da miƙa Hong Kong. Wannan ɗacin yana cikin kofin, ko da an sa sukari.

Neman mafita daga hannun Sin ne ya kai su Assam. Wani Bature mai suna Robert Bruce ya ga bishiyar shayi a can a 1823, inda ƙabilar Singpho suka daɗe suna amfani da ita, kuma wani basaraken ƙasar, Maniram Dewan, shi ya yi masa jagora. Wannan mutumin daga baya ya kafa gonar shayi tasa, Turawa kuma suka rataye shi a 1858 bisa zargin hannu a boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857. An yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan a watan Janairu na 1839. Masanin tsirrai Robert Fortune ya shiga cikin ƙasar Sin da shigar Sinawa daga 1848, ya fito da tsirran shayi a cikin akwatunan gilashi tare da masu sanin sarrafa ganye zuwa Indiya. A Silon kuwa, wato Sri Lanka ta yau, James Taylor ya dasa shayi a gonar Loolecondera a 1867, sai cutar da ta faɗa wa gahawar tsibirin daga 1869 ta tura kowa ga shayi. Hannun da ke tsinka, a Assam mutanen yankin Chota Nagpur na Indiya ne da dillalai suka ɗebo a kan yarjejeniyar da guduwa daga gare ta laifi ne na ɗauri, a Silon kuma Tamilawa ne daga kudancin Indiya. Kafin shekarun 1880 su ƙare, shayin Indiya ya zarce na Sin a kasuwar Birtaniya.

Wannan sauyi ya taɓa yadda ake haɗawa. Ganyen Sin, musamman kore, mai laushin ɗanɗano ne, Sinawa kuma ba sa sa masa madara ko sukari. Amma koren ya ɓata sunansa a Ingila, domin Fortune ya ga da idonsa ana barbaɗa masa shuɗin launi da farin garin ma'adini don ya yi kyau a idon Bature. Ganyen Assam baƙi ne, mai ƙarfi da bauri, kaɗan yake ba da launi mai kauri, don haka ya fi auki ga talaka, kuma yana neman madara da sukari su kashe baurin. Gladstone, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya sauko da harajin shayi zuwa sule ɗaya a kan laba a 1863, sannan zuwa sisi a 1865, sai shayi mai zaƙi da burodi ya zama kalacin ma'aikacin masana'anta, wani lokacin ma shi ne abincin zafi kaɗai da zai gani a wuni.

A gidan masu hali ga yadda abin yake. Ganyen yana cikin ɗan akwati mai makulli, makullin kuma a hannun uwargida. Sunan akwatin a Turanci ma daga ma'aunin Malay ne, kati, wanda ya ɗan ɗara laba ɗaya. Ana kawo tafasasshen ruwa, ta fara ɗauraye butar da shi don ta ɗumama ta zubar, ta auna ƙaramin cokali ɗaya ga kowane mai sha ta ƙara ɗaya na buta, ta zuba ruwan yana kan tafasa, ta rufe ya tsima na 'yan mintoci. Ba a ɗora ganyen a wuta. Akwai ɗan kwano a gefe na zubar da guntun da ya rage a kofi kafin a sake cikawa, kuma ganyen da aka gama da shi ba ya tafiya banza: masu aiki su sake jiƙa shi, ko a watsa shi da laimarsa a kan darduma kafin shara don ya kama ƙura, ko a sayar wa masu busar da shi su rina su mayar kasuwa a matsayin sabo. Wannan cuta ta ƙarshe ce ta sa John Horniman ya fara sayar da ganye a kulli mai hatimi da cikakken awo tun 1826. Al'adar shan shayin la'asar da biskit da kek, wadda ake danganta wa Anna, matar Duke na Bedford, a wajajen 1840, ita ta buɗe wa su Huntley kasuwar da ba ta ƙarewa.

A titin Mincing Lane na Landan, inda ake gwanjon shayi, masu ɗanɗano suna da tasu ƙa'ida: a auna ganye daidai nauyin sisi, a jiƙa a ɗan kofi mai murfi na minti biyar ko shida, a zuƙa da ƙara a tofar. Da wannan suke gauraya ganyen gonaki daban-daban don kulli ya riƙa fitowa da ɗanɗano ɗaya duk shekara. Thomas Lipton, wanda ya buɗe kantinsa na farko a Glasgow a 1871 ya kuma sayi gonaki a Silon a 1890, yana sayar da laba a kan sule ɗaya da kwabo bakwai, yana kuma tallar cewa ya daidaita gaurayen da ruwan kowane gari. Tseren jiragen filafilai masu ɗauko shayi na 1866, inda jiragen Taeping da Ariel da Serica suka yi kwana 99 daga tashar Fuzhou ta Sin suka shiga Landan a rana ɗaya, yana da daɗin ba yara, amma mashigin Suwez da aka buɗe a 1869 ya miƙa cinikin ga jiragen tururi, labarin ya ƙare nan. Abu na ƙarshe da zan ce: a lokacin tallar da ka gani, yawancin mutanen Indiya ba sa shan shayi. Noma shi suke yi don fitarwa, sai a ƙarni na ashirin ne masu gonaki suka dage da talla a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu har ya shiga gidaje.

Malam Sabo ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, kun ba ni fiye da abin da na roƙa. Malam Ɗanjuma, gyaran nan na sukarin Jamus ya rushe mini rabin abin da na riga na rubuta, kuma na gode da hakan. Saura abu ɗaya, Hajiya: ƙasashen da ake kai wa kayan sun zauna ne kawai suna jiran jirgi, ko akwai waɗanda suka fara gasa nasu tun a cikin ƙarnin?

Hajiya Rabi ta amsa:

Akwai, Malam, sai dai ba a lokaci ɗaya ba, kuma inda Turawa suka zauna da iyalansu ya riga sauran. A Ostireliya, Thomas Swallow ya kafa gidan biskit a tashar ruwan Melbourne a 1854, lokacin da neman zinariya ya cika gari da baki masu ci, kamfanin da ya zama Swallow & Ariell; William Arnott, mutumin Scotland, ya buɗe nasa a Newcastle ta New South Wales a 1865, kuma dukkansu da biskit ɗin matuƙa jirgi suka fara kafin su koma mai zaƙi. Sukarinsu ma ba ta Landan yake biyowa ba. Kamfanin Colonial Sugar Refining da aka kafa a Sydney a 1855 ya buɗe injin matse rake a Fiji a 1882, gandayen Queensland kuma sun dogara da mutanen tsibiran tekun Pasifik da aka riƙa kwasowa daga 1863, da yawansu ta hanyar yaudara ko ƙarfi, don haka maganar Malam Ɗanjuma tana nan a can ma. A Indiya kuwa a 1892 aka fara wani ɗan gidan biskit a Kalkata da jarin rufi 295 na kuɗin Indiya, wanda daga baya ya zama kamfanin Britannia, wato 'yan shekaru kaɗan bayan tallar da ke hannunka.

Tunda daga kofi kake son farawa, ka haɗa wa ɗalibai tebur ɗin da Malama Binta ta kwatanta da na makiyayin tumaki a dajin Ostireliya. Rabon abincinsa na mako sananne ne har ya zama kamar kirari: laba goma ta fulawa, goma ta nama, biyu ta sukari, da rubu'in laba na ganyen shayi. Fulawar yakan kwaɓa ta da ruwa da gishiri ya turbuɗa a toka mai zafi, shi ne burodinsa. Butarsa kuwa sau da yawa tsohon gwangwanin nama ne da aka huda aka sa masa mariƙin waya. Yana rataya shi a kan wuta, ruwa na tafasa ya watsa ganye cikin tafin hannu, ya sauke, ya ƙwanƙwasa gefen da sanda ko ya wulwula gwangwanin da hannu a miƙe don ganyen ya kwanta a ƙasa, sannan ya zuba sukari ya sha baƙi, ba madara.